Katin Wayafai na Taubashi

Idan ka shiga Birnin Kudu kana neman mai gyaran kwamfuta, za a nuna maka wani ɗan shago tsakanin tela da mai sayar da batura, a ce maka, "Je wurin Yahuza, amma kada ka zauna jiran hira." Ba sharri ake masa ba. Yahuza mutum ne mai nauyin baki. Ba in'ina yake yi ba, maganar ce ba ta zo masa a kan kari. Sai an gama gardama, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi, sannan amsar da ta dace take faɗo masa, lokacin ba wanda zai gaya wa sai bango.

A Kangire aka haife shi, gidan manoma. Mahaifiyarsa Hajjo kuwa 'yar Gwaram ce, aure ya kawo ta. Tun yana ƙarami hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya taɓa kwance rediyon babansa gunduwa-gunduwa ya jera a kan tabarma, aka zane shi, yana kuka yana mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, har rediyo ta kama magana. Da ya gama sakandare aka kai shi Kano wurin wani mai gyaran waya, daga waya ya koma kwamfuta. Ya daɗe a can kafin ya dawo gida ya auri Ummussalma, ya buɗe shago. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, ɗalibai, duk wurinsa suke zuwa. Su ajiye masa kwamfuta da duk abin da ke cikinta, su tafi harkarsu, ba mai waiwaye. Wannan rashin waiwayen shi ne abin da Yahuza yake ci da shi, kuma ya san haka.

Mutum ɗaya ne a duniya da Yahuza ba ya son haɗuwa da shi: Maikano, ɗan kawunsa, mai shagon iri da maganin feshi a Gwaram. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya wasa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. To, Allah ya ba Maikano baki kamar reza. Shi ya laƙaba wa Yahuza "Kurman Kangire" tun suna yara, sunan ya bi shi har aji. Ranar ɗaurin auren Yahuza, Maikano ya miƙe a gaban dangin amarya ya ce a duba da kyau, ko angon ya amsa ko kai kawai ya gyaɗa. Aka yi ta dariya. Yahuza ma ya yi, irin wadda haƙora kaɗai ke yi. Abin da dangi ba su lura ba shi ne wasan ya daɗe da ruɓewa a tsakaninsu. Maikano yana jifa da nufin ya samu, Yahuza kuma yana tarawa.

Wata rana da damina Maikano ya faka babur a ƙofar shago, ya shigo ba sallama, ya dangwarar da laftof a kan tebur.

"Kai bawa! Tashi, ubangidanka ya zo."

"Sannu da zuwa," in ji Yahuza, bai ɗago ba.

"Ga ta nan, ta daina ganin wayata. Da can ina kunna hotsifot take cafkewa, yanzu ko alamar wayafai ɗin babu. Masu ba mu iri kuma ta bidiyo suke taro da dillalai. Idan aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa tun yanzu, in kai wa masu ilimi a Dutse."

"Ruwa ya taɓa ta?"

"Ruwan me? Ni na yi maka kama da mai wanka da kwamfuta?"

Yahuza ya ɗaga ta ya sunsuna gindinta. Warin maganin ciyawa ya buge shi. A jaka ɗaya Maikano yake zuba ta da kwalaben feshi, ya ɗaure a bayan babur.

"Ka dawo da la'asar."

"Ji shi, kamar likita!"

Da ya tafi, Yahuza ya bi abin daki-daki kamar yadda ya saba. Ya fara duba ko an danna alamar jirgin sama, wadda ke kashe wayafai, don rabin masu zuwa da wannan kukan nan matsalarsu take. Ba ita ba ce. Ya shiga inda kwamfuta ke jera sunayen kayan cikinta, ya nemi katin wayafai, babu shi sam, kamar ba a taɓa sa mata ba. Sai ya kifa ta ya kwance murfi. Ga katin nan, ɗan ƙarami bai kai akwatin ashana ba, da 'yan wayoyinsa biyu, fara da baƙa. Haƙoransa sun yi kore shar, magani ya tsiyaya ya cinye su. Ya goge, ya mayar, shiru. Ya gwada shi a wata kwamfutar, nan ma shiru. Kati ya mutu.

Yana da wani mai lafiya da ya ciro daga tsohuwar laftof ɗinsa. Ba kamfaninsu ɗaya da mataccen ba, amma ramin ya karɓe shi daidai. Ya sa, ya maƙala wayoyin, ya ɗora masa direbansa, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da katin. Nan take alamar wayafai ta fito.

A nan Yahuza ya yi abin da bai taɓa yi wa baƙo ba: bai faɗa ba. Ya san idan ya ce, "Katinka ya mutu, na sa maka nawa," kafin mako ya zagayo duk Gwaram ta ji cewa bawa ya kai wa ubangidansa gaisuwa. Ya gwammace ya yi asarar katin a kan ya ba Maikano wannan abin tauna. Da la'asar ya tura masa laftof ya ce, "Ta tashi."

"Me ya same ta?"

"Datti."

"Datti! Shekarun da aka ɓata a Kano, ashe shara aka koyo." Ya saɓa jakarsa ya fita.

Laftof ta yi aiki lafiya har aka cire riɗi. Daga nan ta fara nauyi, sai Maikano ya miƙa wa Ƙasimu, mai tura karatu da finafinai a waya kusa da shagonsa, ya ce a wanke ta. Ƙasimu ya yi mata fomatin, ya share komai ya zuba sabon Windo. Direban da Yahuza ya sa ya tafi tare da sauran kaya, wayafai ya sake ɓacewa. Ƙasimu ba jahili ba ne. Ya juya bayan laftof ya karanta sunanta da lambarta, ya sauko da direban da kamfanin ya tanada wa irinta. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya kwance murfin ya leƙa, sai ya ce, "Alhaji, wannan katin ba shi ne nata na asali ba. An taɓa canja shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya kuwa ishi Maikano.

A wurin wani suna a Kangire abin ya fashe. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yi addu'a, ana raba goro, dangi da maƙwabta da baƙi daga Birnin Kudu duk suna zaune. Yahuza na isowa Maikano ya ɗaga murya.

"Jama'a, kowa ya dafe aljihunsa! Mai waya ya riƙe ta da hannu biyu, ga likitan fiɗa nan ya iso. Ka kai masa mara lafiya, ya sallamo maka shi ba ƙoda ɗaya."

Aka bushe da dariya.

"Wallahi ba ƙarya nake ba. Kwamfutata na kai masa da katinta ɗan asali, ya zare ya cusa min na bola. Ku tambaye shi. Kai bawa, ka canja ko ba ka canja ba?"

Yahuza ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Da ƙarya aka yi masa, da ya ce a'a ya zauna. To, ya canja ɗin. Bayanin yana da tsawo, bakinsa kuma ya yi masa abin da ya saba.

"Na... ai katin ne..."

"Kun ji ko? Katin ne!" Maikano ya tafa hannu. "Ɓarawon kati, zo ka zauna kusa da ni, na yafe maka. Bawa ai ba ya sata a gidan ubangidansa, ɗauka yake."

Wani dattijo yana share hawayen dariya ya ce, "Ku dai taubasan nan, Allah ya shirye ku."

Dangi sun ɗauke shi wasa. Baƙin da suka zo daga Birnin Kudu ba su san wane ne ɗan mace wane ne ɗan namiji ba. Abin da suka koma da shi gida shi ne an tambayi mai gyara ko ya canja kaya, ya kasa cewa a'a.

Ba a daina zuwa shagon rana ɗaya ba, a hankali abin ya riƙa shigowa. Wani malami da ya saba ajiye laftof ya wuce aji, yanzu sai ya ja benci ya zauna, ya ce yau ba shi da darasi. Wata ɗaliba ta kawo tata, Yahuza ya juya ta ya ga an ɗiga jan farce a kan kowane noti, don a gane idan an kwance. Wata makarantar kuɗi da ya daɗe yana kula da kwamfutocinta ta aiko a kwashe biyun da ke wurinsa, ba a ma gama gyaran ba. Har tela maƙwabcinsa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya, ya ce masa cikin raha, "Ɓarawon kati, miƙo min almakashi." Yahuza ya dube shi har sai da telan ya sunkuyar da kai.

Ya hau babur ya tafi Kangire wurin mahaifiyarsa. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana murza hula kafin ya ce, "Inna, so nake ki yi wa Kawu magana. Ya ja wa Maikano kunne."

"A kan me?"

"Ya ce min ɓarawo a gaban mutane."

"To? Kai ma ka ce masa ɓarawo mana. Bakinka aka ɗinke?"

"Inna, ba wasa yake ba. Sana'ata yake kashewa."

Hajjo ta ajiye faifai. "Yahuza, so kake in ɗauki mayafi in tafi Gwaram, in zauna a gaban yayana in ce ɗana ya kawo ƙarar taubashinsa? Da girmanka, da gemunka? A yi da ni a dangi har in mutu? Mu da muka tashi, taubashina ya taɓa kwance min akuya ya kai kasuwa, sai da na bi shi da gudu. Ban kai ƙara ba."

"Ya dawo miki da akuyar ai."

"Ya dawo da ita." Ta dube shi. "Tsaya tukuna. Ka canja masa abin ko ba ka canja ba?"

Wannan tambayar, daga bakin wadda ta haife shi, ita ta fi komai yi masa ciwo. Ya tashi ya yi mata sallama.

Da ya koma gida ya jawo buhunan tarkacen da yake tarawa a bayan ɗaki, ya zazzage su a tsakar gida. Matattun batura, fasassun gilasai, madannai marasa haƙora. Ummussalma ta fito daga madafa ta riƙe ƙugu.

"Yau kuma bola muka koma?"

"Wani kati nake nema. Haƙoransa kore ne."

Ta gane ko na wane ne. Ta tsuguna tana tona tarkacen da tsinke. "Ni tun farko da ka gaya masa gaskiya da duk ba a zo nan ba. Kai da shi kamar zakaru, kowa na gudun a ce ya rusuna. Yanzu idan ka same shi me za ka yi? Ka san dai ba za ka iya da bakin Maikano ba."

"Ba magana zan yi ba."

Ita ta gano shi, a cikin wani gwangwanin madara. Ta sunsuna ta yamutsa fuska. "Har yanzu warin feshi yake."

Bayan la'asar ya isa Gwaram, lokacin da majalisa ke cika a ƙofar shagon Maikano. Manoma da suka zo sayen magani, 'yan acaba, malamai biyu, wani direban motar Birnin Kudu yana jiran fasinja. Maikano ya hango shi ya miƙe da murna, kamar an kawo masa nama.

"Lale! Ya kawo kansa. Ku ɓoye wayoyinku."

Yahuza ya yi sallama ga jama'a, bai kalli Maikano ba. Ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a kan benci, ya jera sukundireba da kebul. "A kira min Ƙasimu, na ji shi ya yi mata fomatin. Kai kuma kawo kwamfutar."

"Don ka kwashe abin da ya saura?"

"A gabansu zan taɓa ta."

Mutane suka ce a kawo mana, don sun hango kallo. Ƙasimu ya iso yana goge hannu, da alamar bai so aka sa shi a ciki ba. Yahuza ya kunna laftof, ya buɗe jerin kayan cikinta, ya juya fuskarta ga jama'a. Ga wani layi da alamar rawaya a gefensa.

"Malam Ƙasimu, wannan me yake nufi?"

"Ta ga akwai abu a jikinta, amma ba ta san ko mene ne ba. Ba direba."

"Direban da ka sa, na wane kati ne?"

"Na wanda kamfani ya sa mata. Ni sunan kwamfutar na bi."

"Daidai ka yi. Katin ne ba shi ba." Yahuza ya ɗago, ya ce da ƙarfin da ba a san shi da shi ba, "Ni na canja shi."

Maikano ya buɗe hannuwa. "Shi ke nan! Ya faɗa da bakinsa. Ku shaida."

Yahuza bai kula shi ba. Ya haɗa wayarsa da laftof ta kebul, don ta samu hanyar shiga intanet ba tare da wayafai ba. Ya buɗe bayanin layin mai alamar rawaya, ya kwafi lambar katin kansa, ba ta kwamfutar ba, ya nemo direban da ya dace da ita. Sabis na jan ƙafa, abin ya ɗauki lokaci. Maikano ya cika lokacin da surutu: a duba hannunsa, a ƙirga notuna, kada a ƙifta ido. Dariyar tana raguwa, don idanu sun koma kan allon. Da ya gama ya kashe ta ya kunna, ya zare kebul.

"Kunna hotsifot ɗinka."

Maikano ya kunna yana taɓe baki. Sunan wayarsa ya fito a kan allo. Ƙasimu ya danna, ta kama, ya buɗe wani bidiyo, murya ta tashi tangaran.

"To, ai ga shi na bola yana aiki," in ji wani ɗan acaba.

"Madalla," in ji Maikano da sauri, ya miƙo hannu. "Bawa ya gyara ɓarnarsa. Kawo."

"Ban gama ba."

Yahuza ya kashe laftof, ya kifa ta, ya kwance murfi. Ya zaro wani ƙullin takarda daga aljihu ya miƙa wa Ƙasimu. "Karanta abin da ke jikin wannan."

Ƙasimu ya kai shi kusa da ido, ya dubi bayan kwamfutar, ya sake duba katin. "Wannan shi ne nata na asali. Shi na yi ta nema wa direba." Ya kai hanci, ya janye da sauri. "Alhaji, wannan ai maganin ciyawa ya sha."

Katin ya zaga hannu-hannu, kowane manomi ya sunsuna ya gyaɗa kai, don ba wanda bai san warin ba. Da ya dawo, Yahuza ya ɓalle wayoyin nan biyu daga katinsa mai lafiya, ya zare shi ya jefa a aljihun gaba. Ya zura mataccen a ramin, ya maƙala masa fara da baƙa a tsanake, ya mayar da murfi, ya ɗaure kowane noti. Ya kunna. Ya juya allon ga jama'a. Ba wayafai, ba alamarsa. Sannan ya ɗauki laftof da hannu biyu ya ɗora wa Maikano a cinya.

"Ga kayanka ɗan asali."

Direban motar ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Fuskar Maikano ta canja. Ya miƙe har laftof ta kusa zamewa.

"Kai Yahuza, wane irin wulaƙanci ne wannan? Gobe da safe ina da taro da masu iri! A ina zan samu kati a garin nan? Mayar min da shi!"

Yahuza yana naɗe ƙyallensa. Yau kam amsar ba ta makara ba.

"Haba, ɗan Kawu. Fushi kake? Wasa fa nake."

Wani dattijo da ke gefe ya buga sandarsa a ƙasa. "A'a, Maikano, zauna. Taubashinka ne. Kai da kake yi wa mutane kullum?"

Maikano ya waiga. Ya dubi majalisarsa, duk suna jiran su ga ko zai yi abin kunya. Sai ya koma ya zauna, ya yaƙe haƙora.

Yahuza na ƙoƙarin tayar da babur ɗaya daga cikin malaman ya biyo shi da jaka a hannu. Ya ce tasa ma tana yanke wayafai da an ɗan matsa daga waya, ko zai duba? Yahuza ya ce kayan aikin suna shago, sai dai ya biyo shi Birnin Kudu. Malamin ya ce ba zai samu zuwa ba sai ƙarshen mako, ya rataya masa jakar a kafaɗa ya koma majalisa.

Har yau Yahuza yana nan tsakanin tela da mai batura, bakinsa bai ƙara sauri ba. Sai dai yanzu duk abin da ya cire daga kwamfuta, ko noti ne, yakan ƙulle shi a leda ya miƙa wa mai ita kafin ya ce ta tashi. Shi da Maikano suna haɗuwa a suna da jana'iza da ɗaurin aure. Maikano yakan ce, "Kai bawa," Yahuza ya ce, "Na'am, ɗan asali." Dangi su yi dariya, su biyun ba mai kallon idon wani.